Daga Ƙasan Rijiya

Shekara talatin da ɗaya ina haƙar rijiya a Zariya.
Diga na sani, da igiya, da bokitin yasa.
Karatuna bai wuce na sallah ba.
Amma duk gidan da zan sari ƙasa
sai mai gidan ya fara nuna mini wanda yake kira.

A Kwarbai, Malam Zubairu ya tsaya kan shacin, ya ɗaga hannu.
Ya ce, Shi kaɗai ne, ba kama, ba na biyu,
yana jin tafiyar tururuwa a baƙin dare.
Na shafa.
Gaba bakwai muka tarar da ruwa.

Kakana Jatau, can gindin Kufena,
bai taɓa musun Allah ba.
Cewa yake, Allah sarki ne, gidansa da nisa,
talaka ba ya kai masa ƙarar ɓeran rumbu.
Akwai na kusa: na tsamiya, na suri, na bakin rafi,
masu saurin fushi, masu kwaɗayin jan zakara.
Da su yake magana, murya ƙasa-ƙasa,
kamar mai roƙon maƙwabci aron gatari.
Har ya mutu geronsa bai ƙare kafin kaka ba.
Ni na san Wanda ya ciyar da shi.
Shi ma cewa ya yi ya sani.

A Wusasa, Mama Rifkatu ta miƙo mini kunun tsamiya,
ta ce nata saukowa ya yi, ya sa jiki irin namu,
ya gaji, ya ji ƙishi,
har ya roƙi wata mace ruwa a bakin rijiya.
Kwana uku zancen yana bina cikin rami.
Ubangiji da ƙishi? Na yi istigfari.
Kunun kuwa na shanye.

Dakta Haliru na Samaru da na'ura ya zo.
Ya kafa wayoyi a ƙasa, ya ce, nan.
Ruwa tsagar dutse yake bi, ba addu'a ba.
Na ce, wa ya tsaga dutsen?
Ya goge tabarau a gefen riga, ya daɗe.
Ya ce, ban sani ba, Nomau.
Kullum ina nema, kamar kai, sai dai ni ban kai laima ba.

Sai ranar Sabon Gari,
gidan Baba Ogundele mai walda,
wanda ke ɗiga manja kan ƙarfe kafin ya taɓa wuta.
Gaba tara, bango ya sake.
Yashi ya kama ni har ƙirji.
Ban tuna wata doguwar addu'a ba,
Allah kawai nake cewa, bakina cike da ƙasa.
Sama kuwa hayaniya:
wani salati, wata Yesu,
tsohon yana kiran nasa da harshen da ban iya ba,
wani yaro ba ya kiran kowa, ja kawai yake cewa, ku ja!
Da na fito, kowa ya gaya mini wanda ya cece ni.
Ban yi gardama ba, haƙarƙarina na ciwo.

Masu cewa ruwan ƙasa duk ɗaya ne ba su ɗanɗana ba.
Na sha mai zartsi, na sha mai garɗi,
na sha mai warin laka, tsakaninsu katanga kawai.
Abin da na gani shi ne:
daga ƙasan rijiya, sama ba ta fi faifai ba,
kuma wanda ke ciki zai rantse iyakarta ke nan.

Ina sallata, ban sauya alƙibla ba.
Gobe ina da haƙa a Dogarawa.
Mai gidan baƙo ne.
Ban tambayi wanda yake kira ba.
Igiya dai na ce ya sayo sabuwa.